Sammani da Ƙyallen Hajiya Furera

Duk wanda ya daɗe a Ƙofar Guga ya san Sammani. Ko bai san sunanshi ba, ya san tafiyarshi: dogo ne siriri, kai a sunkuye kullum, kamar wanda ya yar da allura tun bara bai daina nema ba. Kuma ba kunya ke sa shi sunkuyawar ba, ƙasa yake dubawa. Takardar alewa, kwalin ganyen shayi, yagaggiyar kalanda, duk abin da mutanen kirki suka share suka zubar, shi sai ya duƙa ya ɗauka, ya hure, ya zura aljihu. Tun yana yaro haka yake. Uwarshi ta yi faɗa har ta gaji, ta kai shi wurin malam a yi mashi rubutu. Malam ya dubi yaro sama da ƙasa, ya ce lafiyarshi lau, son tarkace ne kawai, wannan kuwa ba shi da rubutu.

Ubanshi baduku ne, irin masu yanka jar fata su ɗora kan baƙa su fitar da ado a jikin matashin kai. Sammani bai gaji dukanci ba, warin jima ma amai yake sa shi, amma ya gaji almakashi da haƙurin zama. Da ya gama makaranta ya ɗan taɓa rubutun allunan shaguna, daga baya wani Alhaji Usman ya ɗauke shi ya tsare mashi shagon hoton takardu a bakin Babbar Kasuwa. Aikin ke nan: a kawo takarda, ya sa a inji, ya danna, ta fito biyu. Mutum mai hankali sai ya tsaya nan ya ci abincinshi. Shi kuwa in babu masu kawo aiki, sai ya juya bayan takardun da suka lalace yana zana mutane.

Fuska kam ya iya ta. In ya zana maka mai rowa, kafin a gaya maka ka san ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa. Ya jera hotunan gida-gida a shafi, wannan na bin wannan, maganar kowa na fitowa daga bakinshi cikin wani ɗan zagaye kamar ƙwai. Ko wanda bai san bihim ba, in ya bi hotunan da ido zai kai ƙarshen labari. Inda Allah ya rage shi, tufafi. Duk wanda ya zana sai ka ce an zura mashi buhun gero an huda wajen wuya. Babbar riga buhu, zani buhu, amarya buhu, liman buhu.

Ma'u ce ta raba shi da buhunan nan, ba da niyya ba. Tela ce, a cikin gida take ɗinki, kuma tun kafin ya aure ta matan unguwa sun san hannunta. Mace ce marar yawan magana, sai dai in ta yi guda ɗaya takan ishe ka kwana biyu kana juyawa. Wata safiya tana sharar ɗakin ɗinki, ta tara 'yan guntayen atamfa za ta kai murhu, sai ya tare tsintsiyar da ƙafa. Ya tsinci wani ɗan yanki, ya yi mashi almakashi nan da nan, ya ɗora kan wata mata da ya zana. Sai ga mace ta tashi tsaye da ɗaurin zaninta, kamar ta yi sallama.

"Ba ni su duka," in ji shi.

"Wuta zan ba," in ji ta.

To, a nan sai an tsaya an yi bayani, don maza ba su san wannan ba, ko sun sani sun manta. Mace in ta kai ɗinki, ba yadi kaɗai ta kai ba, amana ta kai. Abin da ya rage mai girma, tela ta ƙulle ta mayar mata. Ƙananan da ko aljihu ba su isa ba, tela ta gari ƙonewa take yi. Ba a barin ƙyallen mace yana yawo a hannun mutane. Ana faɗin abin da masu mugun nufi kan yi da shi, wasu sun yarda wasu suna cewa camfi ne, amma har masu cewa camfin ne, in ka ce su ba ka yankin zaninsu sai ka ga fuska ta canza. Ma'u a wurin uwarta ta koyi ɗinki, kuma kafin a koya mata zura zare an koya mata ƙona shara.

Kwana da kwanaki yana lallashi. Abin da ya karya mata wuya, ya kawo mata hoton da injin shago ya fitar. Injin nan baƙi da fari kaɗai ya sani. Ja ya koma toka-toka, kore ya koma toka-toka, furanni suka zama ɗige-ɗige. Ta juya takardar, ta kai ta hasken ƙofa, ta kasa gane ko atamfar wa ce, alhali ita ta yanka ta da hannunta.

"Na yarda," ta ce. "Amma na ainihin, masu ƙyallen a jiki, daga akwatinka sai inji, daga inji sai akwatinka. Ido bai gan su ba."

Ya rantse. Kuma tsakani da Allah ya riƙe, shekaru.

Haka sana'ar ta kafu. Da la'asar in ya dawo, ya baje tabarma a gindin darbejiyar gidansu. Ya zana kai da hannuwa da ƙafafu da biro, ya bar tsakiya fili. Ya jiƙa ƙaro a gwangwanin madara har ya yi danƙo. Ya yanka riga ƙanƙanuwa kamar farce, ya shafa ƙaro da tsinken tsintsiya, ya liƙa, ya danne da dutsen guga marar wuta. Katangar gari da takardar ƙunshin tsire yake yi, in ya sami wadda mai bai ɓata ba. Rumfar kasuwa da kwalin ashana. In shafuka sun cika ya kai shago ya buga, ya dawo da su, Ma'u ta ninka ta bi tsakiya da keken ɗinki, tar-tar-tar, littafi ya haɗu. Yana ajiye wasu a shago, wasu wurin mai shayi, wasu ya ba direbobin tasha. Ba wani arziki ake yi ba, kuɗin cefane ne da ɗan na sabulu. Amma littafi guda sai ya zaga gida goma, ya dawo duk miya, kuma Sammani in ya ga littafinshi da tabon miya ya fi murna da a ce an biya shi. Suka haifi 'yarsu Ummi, suka yaye ta, abin na tafiya.

Sai Malam Muttaka ya shigo labarin. Malamin makaranta ne, mai son tara mutane a yi taro a ɗauki hoto. Shi ya haɗa kan masu buga 'yan littattafansu da kansu, ya ce za a yi baje koli a wani zauren taro cikin gari, har daga Kano da Zariya da Funtuwa da Maraɗi za a zo. Ya tarar da Sammani a shago.

"Malam Sammani, aikinka ya yi, amma wannan baƙi da farin kamar takardar asibiti. Mutanen Kano za su zo da masu launi. Kar ka ba mu kunya a gidanmu."

Ga shi kuwa Alhaji Usman bai daɗe da kawo sabon inji mai fitar da launi ba. Sammani yana da sabon labari a akwati, wanda yake ganin bai taɓa yin kamarshi ba. Labarin wata mai awo ce, Gwaggo Lotsa, wadda ta sa taɓarya ta lotsa gindin tiyarta don ta riƙa tauye wa mutane hatsi, har ranar da asirinta ya tonu a tsakiyar kasuwa. Da Muttaka ya tafi, ya ɗauko shafi ɗaya ya sa a sabon injin, don dai ya gani.

Abin da ya fito ya sa shi zama. Shekara da shekaru yana yanka ja da kore da shuɗi, inji na mayar mashi da toka, har ya saba, ya manta cewa shi kaɗai ne a duniya ya taɓa ganin aikinshi yadda yake. Yau ga Gwaggo Lotsa cikin atamfa ruwan ɗorawa mai 'yan tsuntsaye shuɗɗa, tana haske kamar ta fito ta kama ka da faɗa. Ya daɗe yana kallo. Alkawarin da ya yi wa Ma'u ya zo mashi, ba a ce bai zo ba. Sai ya yi irin lissafin da maza kan yi in suna son abu: ai na ainihin ta ce kar a gani, wannan kuwa hoto ne.

Lokacin ana gab da azumi, bukukuwa sun yi yawa, Ma'u ko ɗaga kai ba ta yi daga ɗinkin anko. Ya ce a ranshi ba zai dame ta da ɗinke littattafai ba, ya maƙale su da 'yan ƙarafa a shago. Ya ce ma in ya dawo da labari mai daɗi sai ya nuna mata. Ku ji fa.

Ranar baje koli zaure ya cika, sai dai masu sayarwa sun fi masu saye. Kowa ya shimfiɗa ƙyalle kan tebur ya jera 'ya'yanshi, yana satar kallon na maƙwabci. Masu waƙoƙi suna musaya, ka ba ni naka in ba ka nawa, kowa ya koma gida da nauyin da ya zo da shi. Wani ya hau mumbari ya yi jawabi har mutane suka fara hamma. Amma teburin Sammani bai huta ba. Mata musamman, sai su tsaya, su kai yatsa su shafa takardar, suna zaton za su ji zare. Kafin la'asar ya sayar da fiye da rabi.

Wani mai maɗaba'a daga Kano, Salihu, ya zo ya buɗe littafin ya rufe, ya sake buɗewa.

"Wannan da me ka yi shi?"

"Ƙyalle ne da ƙaro."

"Na ainihin suna nan?"

"Suna akwati."

"Bayan sati ka kawo min su Kano. In na ɗauke su da injinmu, na buga a takarda mai kyau, har Legas sai an gan shi. Amma na ainihin nake so, wannan hoton na shago ba zai yi ba."

Sammani ya koma gida ranar kai a ɗage. Masu zama bakin titi suka ce lafiya, yau ƙasa ba ta da abin tsinta?

Cikin waɗanda suka sayi littafin akwai wata Fadila, matar aure ce a nan unguwar, mai son a yi dariya. Washegari ta tafi da shi gidan biki a jaka. Mata suka kewaye, ana miƙa wa juna, ana ƙyalƙyalawa da Gwaggo Lotsa. Ana cikin haka aka yi sallama, Hajiya Furera ta shigo.

Hajiya Furera dattijuwa ce, mijinta ya rasu da daɗewa, awo take saidawa a zauren gidanta, gero da dawa da wake. Da shi ta riƙe gida. Ranar ta sa atamfarta ta fita kunya, ruwan ɗorawa mai 'yan tsuntsaye shuɗɗa. Babu mai irinta a Ƙofar Guga, babu a Ƙofar 'Yanɗaka, ko Babbar Kasuwa ka zaga ba ka samu, don daga Kwatano aka kawo ta. Kuma kowa ya san wadda ta ɗinka.

Dariya ta ɗauke ɗif. Wata ta yi ƙoƙarin tura littafin ƙarƙashin tabarma, wannan ma ya fi muni. Hajiya ta miƙa hannu, aka ba ta. Ba ta karatun boko, amma mi za ta yi da karatu? Ga mace mai awo, ga zaninta, ga taɓarya ana lotsa tiya, ga jama'a na yi mata ihu. Ta bi shafukan har ƙarshe, ta rufe, ta ajiye, ta yi wa uwar amarya Allah sa alheri, ta fita ko ruwa ba ta sha ba.

Kafin Sammani ya dawo daga shago, mata sun fara sallama gidanshi. Ba wadda ta yi faɗa. Kowa da uzurinta.

"Maman Ummi, yadin nan nawa, ba ni tukuna, maigidan ya ce a dakata."

"Ma'u, leshin nan zan canza shawara kan ɗinkin."

Wata tsohuwa ce kaɗai ta faɗi gaskiya, ta ce, "Ɗiyar nan, ba ni kayana. Ban san ko ni ce ɓarauniyar littafi na gaba ba."

Ya shigo ya tarar da igiyar da ake rataye ɗinkin sallah ta yi sako-sako, Ma'u na zaune gaban keke hannu a cinya, littafin a kan keken.

"Baban Ummi, wannan mi ne ne?"

Ya fara bayani. Ya ce wallahi ko sau ɗaya Hajiya ba ta zo mashi a rai ba. Ya zuba hannu a buhun ƙyalle ne, ya ga ruwan ɗorawa zai fito a kan katanga mai duhu, shi ke nan. Bai ma san nata ba ne.

"Na yarda ba ka sani ba," in ji Ma'u. "Kai launi ka gani. Mu kuwa in mun ga zani, mai shi muke gani. Ko daga nesa, ko ta juya baya, ko a kan igiyar shanya. Kai ne ka zauna da tela shekara nawa ba ka san wannan ba." Ta dubi littafin. "Laifin ma nawa ne. An ce in ƙona, ban ƙona ba."

Da ta zage shi da ya fi mashi sauƙi. Ya dubi igiyar nan. Ba kuɗin ɗinkin sallah kaɗai ne suka bi ƙofa ba. Sunan da matar nan ta yi shekaru tana ginawa, ɗinki bayan ɗinki, cewa in ka ba Ma'u kaya ka kwanta ka yi barci, shi ya ɗauka ya liƙa da ƙaro a jikin ɓarauniya.

Da safe ya sa riga ya nufi gidan Hajiya Furera. Ya yi sallama a zaure, ya durƙusa. Tana zaune kan kujera 'yar tsugunne tsakanin buhunanta, ba mai saye ko ɗaya.

"Ina kwana, Hajiya."

"Lafiya lau."

"An tashi lafiya? Ya gida, ya iyali?"

"Da godiya."

"Ya kasuwa?"

"Kai za a tambaya."

Ta ɗauko tiyarta ta miƙa mashi. "Riƙe. Juya ta. Shafa gindin da kyau, ɗan baduku, hannunka ya san lotsawa. Ka ji wani abu?"

"Babu, Hajiya."

"Tun kana yawo ba wando uwarka ke aiko ka awo zauren nan. Na taɓa tauye ku?"

"Ko sau ɗaya."

"To mi na yi maka?"

Ya rantse mata kamar yadda ya rantse wa Ma'u. Ya ce zai buga takarda a liƙa a bayan kowane littafi, a rubuta cewa labarin ƙirƙira ne, ba da kowa ake ba.

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Rubutu. Waɗanda suka yi mani dariya rubutu suka karanta? Zani suka gani. Ka rubuta har takarda ta ƙare, zanin yana nan a jikinta." Ta gyara zama. "Ka san wa ya kawo mani atamfar nan? Haulat. Ɗiyata. Da mijinta ya je fatauci Kwatano da ita, ta ƙi sayen wa kanta, ta sayo mani. Ba ta ga na sa ba. Wajen haihuwa ta tafi, kana da labari, ka zo gaisuwa. Sai da na shekara kafin in iya buɗe ƙullin in kai wa matarka. Ban kai wa kowa ba sai ita, don na san ko zare ba ya fita ɗakinta."

Sammani ya sunkuyar da kai. Ya dubi ƙasa, kuma wannan karon ba abin tsinta yake nema ba.

"Waɗanda ka saida sun tafi, ba ni da iko da su," ta ce. "Amma abin da ke hannunka nawa ne. Ka maido mani abina. Duka. Ko wanda bai kai ƙwayar gero ba."

Ya gane abin da take nufi, ko ita ba ta san girmanshi ba. Gwaggo Lotsa tana kusan kowane shafi. A ɓanɓare ƙyallen, sai an jiƙa ƙaro, in an jiƙa ƙaro biro ya zube, takarda ta yi laushi ta yage. Abin da Salihu ke jira a Kano ke nan.

Bai amsa nan take ba, kuma kar a yi mashi ƙarya a ce ya amsa. Ya koma gida ya buɗe akwati ya zauna yana kallon shafukan. Zuciya ta kawo mashi shawara mai kyan gani: ka kai Kano tukuna a ɗauka, in ka dawo sai ka ɓanɓare ka ba ta, kowa ya samu. Salihu ma ya kira a waya yana tambaya yaushe. Sai dai in an ɗauka, atamfar Haulat za ta tafi har Legas ɗin da aka yi mashi alkawari, a jikin mai tauye awo, dubu a maimakon ɗari. Daga inda yake zaune yana jin ɗakin ɗinki. Shiru. Tun da ya auri Ma'u bai taɓa jin gidan nan ba ƙarar keke ana gab da azumi ba.

Da hantsi aka gan shi ya nufi zauren Hajiya da akwati a kai, kwanon ruwan ɗumi a hannu. Ya shimfiɗa buhu ya zauna a inda mai wucewa zai gani. Ya ɗiga ruwa da auduga, ya jira ƙaro ya saki, ya sa bakin reza ya ɗaga. Riga ta fito, ɗankwali ya fito, zani ya fito. Fuskar da ya fi ji da ita, wadda Gwaggo ke murmushi tana tauye marainiya, ta narke ta zama baƙin ruwa yana kallo. Duk yankin da ya cire sai ya shimfiɗa a faifai ya bushe.

Labari bai da wuyar zagawa a unguwa. Mata suka riƙa zuwa, wai awo, kowa da 'yar robarta. Su tsaya, su kalla, su sayi tiya guda don kar a ce kallo ya kawo su. Hajiya na auna masu, tana cika har ya zube. Can ta ɗauki wata 'yar riga daga faifai ta ɗora a tafin hannu, ta kai kusa da ido.

"Har da hannun riga ka yi mata. Ka ga tsuntsun ma ka saita shi a ƙirji." Ta girgiza kai. "Allah ya ba ka hannu, ya hana ka tambaya."

Da ya gama ta tattara su, ta ƙulle a bakin wani farin ƙyalle, ta shige da su ciki. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba.

Ya bi gida-gida ya karɓo littattafan da ya iya samu, ya ba Ma'u ta sa a murhu. Amma labarin bai bar shi ba, don labari ne mai kyau, kuma masu lotsa tiya suna nan a duniya. Ya sake zana shi daga farko. Da ya zo wajen tufafi ya tsaya, almakashi a hannu. Buhun ƙyalle an ƙone. Ya dubi Ma'u.

"Kar ka dube ni," ta ce. "Duk wanda za ka sa wa ɓarawo, na wani ne. In kana son mai shi ya yarda, ka san inda yake."

Yana da wata shadda ruwan makuba, ita kaɗai ce ta kirki, da ita yake zuwa Juma'a da ɗaurin aure da jana'iza, har an san shi da ita. Ya ɗauko ya sa mata almakashi. Gwaggo ta koma namiji, dogo siriri mai sunkuyar da kai. Ya buga da launi, Ma'u ta ɗinke tsakiya da keke.

Salihu ya ce na macen ya fi armashi, zai yi tunani. Har yau yana tunanin. A unguwa kuwa sunan ya bi mai shadda. Mai shayi in ya hango shi sai ya ɗaga kofi ya juya gindin, ya ce, "Malam Lotsa, zo ka duba, ban taɓa ba!" Sammani ya yi murmushi ya zauna. Wani lokaci abin na yi mashi zafi, a nan ne ya san ɗan abin da dattijuwar nan ta ji a gidan biki, ita da ba ta zaɓa ba.

Sallar nan Ma'u ba ta yi ɗinkin kirki ba. Wasu sun dawo bayan sallah, wasu sun sami wata tela sun zauna. Sai da layya ta matso, wata ranar da rana tsaka, aka yi sallama, sai ga Hajiya Furera da kanta da ƙulli a hammata. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar Ummi da makaranta. Ta ajiye atamfa sabuwa, kore mai ganye, ta ce riga da zani da ɗankwali, kar a matse hannu.

Ranar karɓa Ma'u ta miƙa mata ɗinki, ta miƙa mata ƙullin saura, sannan ta miƙa mata wata 'yar leda. Har sharar da ta share tana ciki, da zare da komai. Hajiya ta buɗe ledar ta daɗe tana tonawa da yatsa. Sammani na gindin darbejiya, ya yi kamar bai san ana yi ba.

"Kai, mai ƙaro."

"Na'am, Hajiya."

Ta ɗago wani ɗan yanki, bai fi faɗin yatsa biyu ba. "Wannan ni na ba ka, da hannuna, gaban matarka. Ba mai awo ba, ba mai faɗa ba, ba kuma wata ta kirki da za a ce na saye ka ba. Cikin kasuwar nan taka ba ka da masu wucewa?"

"Akwai, Hajiya."

"To sa ni cikinsu. In wuce abina."

A littafin da ya fito bayan layya, a shafin kasuwa, can gefe bayan mai tumatir, akwai wata mata cikin kore mai ganye, ta ba da baya, da kwano a kai. Ba ta da magana a bakinta, ba ta sake fitowa a wani shafi ba. Matan Ƙofar Guga duk sun gan ta. Keken Ma'u kuwa, in ka bi ta lungun da hantsi, za ka ji shi.